Babur Ɗin Da Mordecai Bai Iya Ɗagawa Ba

Akwai wani matashi a Thamesmead, sunansa Mordecai. Injiniya ne, ɗan Jos, shekararsa takwas a London. Mutum ne mai kirki da fara'a, amma yana da hali guda: in ya karanta abu a intanet, to ya gama saninsa, ba wanda zai ƙara masa komai.

Shekara biyu da suka wuce, wani abokin aikinsa mai suna Anders ya gayyace shi garinsu a arewacin Sweden. A can ya fara hawa snowmobile. Ga wanda bai sani ba, wani irin babur ne da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara. Ba shi da taya. Gabansa ƙafafu biyu ne masu sulɓi, bayansa kuma bel ne mai haƙora kamar na katafila. Waɗanda suka ƙware ba sa bin hanya da shi. Daji suke shiga, su hau duwatsu, inda babu gida babu mutum.

Abin ya shiga ran Mordecai sosai. Ya yi kwas, ya koyi tuƙi, ya koma sau biyu. Daga nan ya ce ya gaji da haya, nasa zai saya ya ajiye a gidan su Anders.

Sai ga shi wani Bature a wajen Erith, mai ba 'yan fim hayar kaya, zai rufe shagonsa, kuma yana da guda biyu na hannu. Ɗaya baƙi ne, dogo, mai babban inji. Ɗayan ja ne, ya fi gajarta, injinsa bai kai na baƙin ba, fentinsa ma ya koɗe. Mordecai ya yi sati uku yana kallon bidiyo yana kwatanta su. Tun a satin farko zuciyarsa ta riga ta zaɓi baƙin.

Matarsa Tina ba ta hana shi ba. Wata uku ke nan da haihuwarta, jaririyar sunanta Sharon. Abu ɗaya ta ce masa.

"Ni ba ruwana da baƙi ko ja. Ka je yadda kake, ka dawo mana yadda kake. Shi ke nan."

"Haba Tina, kamar wanda zai tafi yaƙi?"

"Yaƙi ma ana tilasta mutum ne. Kai da ƙafarka ka yi booking."

A lokacin mahaifin Tina, Baba Dachung, yana gidan. Ya zo ganin jika. Dattijo ne marar yawan magana, tsohon ma'aikacin lafiya. Shekara talatin ya yi yana kai allurar rigakafi ƙauyukan da ke kan duwatsun Filato, a kan babur, da akwatin sanyi ɗaure a baya. Kullum yana zaune kusa da taga da hular sanyi, yana kallon motocin bas.

Ranar Asabar da Mordecai zai je ganin baburan, Tina ta ce, "Ka tafi da Baba mana, ya sha iska. Tun Lahadi bai fita ba."

Mordecai ba ya so, amma suruki ba a ce masa a'a. Suka tafi.

Baturen ya buɗe musu wani babban ɗakin ajiya. Ya tayar da baƙin. Ƙararsa ta cika wurin har kwanon rufi na rawa. Mordecai ya hau, ya riƙe kan, fuskarsa kamar ta yaro ranar Kirsimeti. Ya shiga jero wa Baturen lambobi, ƙarfin inji kaza, tsawon bel kaza. Baturen na ta gyaɗa kai.

Baba Dachung bai kalli injin ba. Ya zagaya bayan baƙin, ya kama ƙarfen baya da hannu biyu, ya ɗan gwada. Ya je bayan jan, ya yi haka. Sannan ya ce a hankali, "Baban Sharon, in ba damuwa, ka ce masa a kwantar da su."

"A kwantar da su, Baba?"

"A ƙasa. A kan gefensu. Sai ka tayar."

Mordecai ya yi dariyar kunya. "Baba, wannan ba babur ɗin Jos ba ne fa. Ba a gwada shi haka."

"To. Amma yana faɗuwa?"

"Wani lokaci."

"In ya faɗi, wa ke tayar da shi?"

Baturen ya tambayi abin da dattijon ke cewa. Da aka fassara masa, sai ya ɗaga gira ya ce ai tambaya ce mai kyau. Ya jawo tsohon kafet ya shimfiɗa, suka kwantar da jan tukuna. Mordecai ya durƙusa, ya sa kafaɗa, ya tura. Karo na farko ya kasa. Karo na biyu babur ɗin ya miƙe.

Aka kwantar da baƙin.

Ya tura. Ya sake turawa. Ya cire jaket, ya gyara tsayuwa, jijiyoyin wuyansa duk suka fito. Babur ɗin ya ɗan ɗago, ya koma. Sai da Baturen ya sa hannu sannan ya tashi.

Baba Dachung ya ce, "Ɗana, ka ɗauki jan."

Mordecai yana haki, gumi na zuba, kuma ga kunya a gaban suruki. Kun san yadda kunya ke juyewa ta zama taurin kai. Ya ce ƙasan nan siminti ne, a kan ƙanƙara dabara ake yi ba ƙarfi ba, ya ga yadda ake yi a bidiyo. Ya ce baƙin yana da ƙarfin da ba zai ma maƙale ba balle a yi maganar ɗagawa. Sannan ya juya ga Baturen, ya ce da Turanci, yana murmushi, wai a yi wa tsohon uzuri, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba.

Ya manta mutumin da ya yi shekara talatin yana rubuta rahoton aiki da Turanci ne a tsaye a gefensa.

Baba Dachung ya gyara hularsa, ya fita waje ya jira. A hanyar komawa gida ma maganar tsadar doya a kasuwar Woolwich kawai ya yi.

Mordecai ya sayi baƙin, aka aika da shi Sweden a mota.

A watan Fabrairu ya tafi. Kwana biyun farko komai lafiya. Ya turo hotuna a group ɗin gida, yana kan dutse, sama shuɗiya, ƙasa fara fat. A ƙarƙashin wani hoto har ya rubuta, "A gaida Baba."

Rana ta uku Anders ya shiga gari yin cefane. Ya ce a jira shi, ba a shiga daji mutum ɗaya. Mordecai ya zauna ya kalli agogo, ya kalli taga. Ya ce bari ya ɗan zaga bayan gida, minti ashirin ya dawo.

Bai yi nisa ba. A wani gangare tsakanin itatuwa, ƙanƙarar ta burma a ƙarƙashinsa. Babur ɗin ya karkata, ya kwanta, bayansa ya nutse. Mordecai ya faɗo gefe, ko ƙwarzane bai yi ba. Har dariya ya yi.

Ya ciro shebur ya tona. Ya sa kafaɗa ya tura. Ƙafafunsa suka nutse har cinya, babu inda zai dogara. Ya gwada dabarar bidiyo ta farko, ya gwada ta biyu. Ya ciro waya, babu sabis, kafin ya gama ɗaga ta sama ma sanyi ya kashe batirin. Ya gwada tafiya da ƙafa, taku ashirin ya gane ba zai kai ba, dusar ta kai masa ƙugu. Ya komo wurin babur ɗin.

Nan ya yi kuskure na biyu. Safar hannunsa na sulɓewa a kan ƙarfen, sai ya cire ta dama don ya riƙe da kyau. Ya ja, ya ja, ya ja. Bai san lokacin da yatsunsa suka daina ciwo ba. Ya ɗauka sauƙi ne ya zo.

Rana ta fara yin ƙasa. Ya zauna a jikin babur ɗin, ya tuna Sharon ko zama ba ta fara ba. Ya yi addu'a irin wadda bai yi ba tun yana makarantar kwana.

Sai bayan awa uku Anders ya same shi, ya bi sawun bel ɗin ne. Su biyu, cikin minti goma suka tayar da babur ɗin. Daga wurin zuwa gida bai kai kilomita biyu ba.

A asibiti aka ceto masa yatsu uku. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, sai da aka yanke kawunansu daga baya.

Ranar da ya dawo Thamesmead, Tina ta buɗe ƙofa, ta kalli bandejin, ta kalle shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta rungume shi tana kuka, can ta ce, "Da ka san yadda nake son in mare ka." Ya ce, "Ki mara, na cancanta." Ta ce, "Sai ka warke."

Wanda ya kasa fuskanta shi ne Baba. Kwana huɗu yana gaishe shi daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya wuce ɗaki. Yana jiran ranar da za a ce masa, ai na gaya maka.

Rana ta biyar, Tina ta kai Sharon awo, gidan ya rage su biyu. Baba Dachung ya haɗa shayi kofi biyu, ya kira shi.

"Baban Sharon, zo ka zauna. Gudun ya isa haka."

Ya zauna a bakin kujera. "Baba, ka yi haƙuri. Abin da na faɗa wa mutumin nan..."

"Gaskiya ka faɗa. Ban taɓa gani ba." Ya kurɓi shayi. "Yaya hannun?"

"Da sauƙi."

Dattijon ya kalli taga, sannan ya ce, "Shekarata ta huɗu da fara aiki, aka kawo mana sababbin babura guda biyu. Babba da ƙarami. Ni ne babba a ofis ɗin, na ce babban nawa ne. Wani tsohon masinja ya ce min, Malam Dachung, hanyarka dutse ce, ɗauki ƙaramin. Na ce masa ya tsaya a kan aikinsa na shara."

Mordecai ya ɗago kai.

"Da damina na tafi wani ƙauye da allurar ƙyanda. Babur ya zame a kan dutse, ya kwanta a rami. Tun ƙarfe tara na safe nake fama da shi ni kaɗai. Ba wanda ya wuce sai da yamma. Kafin nan ƙanƙarar akwatin ta narke, allurar ta lalace. Na koma gari, aka ce sai wata mai zuwa za a sake kawowa. Kafin watan ya zo, ruwa ya cinye gadar. Kafin a gyara gadar, ƙyanda ta shiga ƙauyen."

Ya ajiye kofin.

"Yara huɗu. Na san sunayensu har yau. Na san sunayen iyayensu mata."

Ya juyo ya dubi Mordecai.

"Ko Tina ba ta san wannan ba," in ji shi. "Kai ka biya da yatsunka. Ni 'ya'yan wasu ne suka biya min. Don haka kada ka sunkuyar da kai a gabana, ban fi ka wayo ba. Na riga ka faɗuwa ne kawai."

Idanun Mordecai suka cika. Ya ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya min haka ba tun ranar?"

Baba Dachung ya dube shi, ba da fushi ba.

"Ka tambaye ni?"

Darasi: Kafin ka ɗauki abu, ko abin hawa ne, ko muƙami, ko wata sana'a, kada ka tsaya a kan yadda zai yi gudu ranar da komai ke lafiya. Ka tambayi kanka, ranar da ya faɗi, kuma ba kowa a kusa, zan iya tayar da shi? Sannan in dattijo ya ba ka shawara a gajarce, kada ka auna shi da inda bai taɓa zuwa ba. Ka zauna ka ce, "Baba, me ya sa?" Sau da yawa akwai tabo a bayan maganar, kuma ba zai nuna maka ba sai ka tambaya. Akwai wanda kuka sani yana dab da yanke shawara a satin nan. Ku tura masa wannan tun bai biya ba.