Bika da Tarin Duwatsun Hanya

An yi wani gwaggon biri mai suna Bika a wani gandun tsaunuka da aka hana farauta. Ga kwaɗayi, ga cika baki! Maƙwabciyarsa Rema ce, 'yar dabbar kogon dutse mai kama da zomo, mai naci kamar ƙuda.

Tun zamanin kakanni, duk mai hawan tsaunin yakan ɗora dutse ɗaya kan ɗaya daga cikin tarin duwatsun da ke jere a bakin hanya. In hazo ya sauko, tarin nan ke raba mutum da dabba da faɗawa kwazazzabo. Tarin nan ne 'ya'yan Rema ke bi zuwa rafi.

Wata rana Bika ya gano kunamu na ɓuya ƙarƙashin tarin. Shi ke nan! Ya yi ta rushewa yana cika tumbi.

"Haba Malam Bika!" in ji Rema. "Yarana fa da waɗannan suke gane hanya!"

"Ke tafi can! Ni da ido rufe ma na san tsaunin nan."

"To, ka rushe, ni kuma in gina."

Ya fashe da dariya. "Da wane hannun?"

Da hanci ta fara. Ta tura tsakuwa, tsakuwar ta gangare, ta koma ta sake turowa. Hancin ya kumbura har da jini, amma ko kusa ba ta fasa ba. Ta tayar da tarin ɓangaren rafi, ƙanana ƙanana. Na wajen kogon Bika kuwa, in ta gina da safe, kafin azahar ya watsar.

Ran nan da hantsi hazo ya rufe tsaunin ruf. 'Ya'yan Rema suka bi tsakuwoyin uwarsu har gida lafiya lau. Bika ya doshi kogonsa yana taƙama. Ya duba nan, ba tari, ya duba can, ba tari. Sai ji kake rim, ya faɗa kwazazzabo!

"Wayyo wutsiyata! Rema, ina hanya?"

Ta leƙo daga sama. "Af! Ba da ido rufe ka san ta ba?"

Da muryarta ta jagorance shi ya fito, wutsiya a karye. Har yau ba ta miƙe ba. Da ya warke, wajen sake gina tarin, manyan duwatsun shi aka bar wa ɗauka.

Darasin wannan labari shi ne, yara, abin da magabata suka kafa don tsaron kowa, kada kwaɗayi ya sa ku rushe shi. Ku ma wata rana za ku neme shi ido rufe.