Ranar da Ciroma Ya Sha Ƙasa

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, Jatau sunansa, a zamanin da in aka gama girbi aka buga gangar kokawa, ko gurgu sai ya ja jiki zuwa fage. Shekara uku ɗansa Ciroma bai taɓa faɗuwa ba, amma taro sai raguwa yake, har masu fura suka daina zuwa.

Fadawa suka ce Gagare ne, tsohon Sarkin Kokawa, yake hana jama'a don hassada. Sarki ya sa aka kawo shi, ya ce, "Dattijo, in ba ka bayyana mini dalilin mutuwar fagen nan ba, alhali ɗana ya gagari kowa, to nemi garin da za ka ƙarasa tsufanka."

Gagare ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni aron Ciroma kwana biyu, ba rawani, ba dogari."

Ya kai shi wani ƙauye inda ba a san shi ba. Maƙeri ya kayar da shi, mahauci ya maimaita, har wani ramammen masaƙi ya samu rabonsa. Masaƙin nan kakana ne, mai musu ya zo mu kama.

Ciroma ya dawo yana ɗingishi, ya ce, "Baba, ashe faɗuwa ake yi mini."

Gagare ya ce wa Sarki, "Ranka ya daɗe, ka tuna shekarar da na maka ka da ƙasa, rairayi har cikin kunne? Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, dariya ya yi, ya tuɓe rigarsa ya yafa mini. Talakawa ba ƙarfi suke zuwa kallo ba. Sau ɗaya a shekara suke so su gani da idonsu cewa ƙasa ba ta san bambancin bayan ɗan sarki da na talaka ba, wanda kuwa ya ga haka, gobe in alƙali ya yanke masa hukunci zai yarda. Yau tun ba a kama ba, dogarai sun zare wa mutum ido."

Sarki ya shafa kunnensa, sai ya yi dariya har da hawaye. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Gagare, ya hana dogarai tsayawa bakin fage.

Da kaka ta zagayo, aka rasa masaka tsinke. Ciroma ya faɗi sau biyu, ya kayar sau ɗaya, kuma wannan ɗayan makaɗa suka yi wa waƙa.

Masu hikima sun ce, sarkin da ya bar ɗansa ya sha ƙasa, mulkinsa ba ya shan ta.