'Yar Aladen Mama Briskila

Ku gyara zama, ku kuma ajiye wayoyin nan a aljihu. Yau ba ni zan yanke hukunci ba, ku ne, don haka wanda ya yi gyangyaɗi kada in ji bakinsa a ƙarshe.

A wani ƙauye a kudancin Kaduna an yi wani mutum, Iliya, wanda aladunsa suka yi suna. Dogaye ne, masu faɗin baya, ga haihuwa. Ya gaji irin ne daga ubansa, bai taɓa barin ya ɓace ba. Da Allah ya ɗauki ransa, sai ya bar wa matarsa, Mama Briskila, uwar alade guda da 'ya'yanta biyar. Ba a daɗe da yaye su ba uwar ita ma ta mutu. Kun ga ke nan, duk abin da ya rage na irin Iliya a duniya shi ne waɗannan ƙananan, maza uku, mata biyu.

Mama Briskila ba raguwa ba ce. Safe da yamma tana cika musu kwami da dusar masara da ɓawon rogo. Suna ci kamar ba gobe, ciki ya yi tulu, amma jiki ya ƙi. Gashi ya miƙe, ƙashin baya ya fito, suka tsumbure. Ta ba su maganin tsutsa, shiru. Ta ƙara dusa, ciki ne kawai ya ƙaru. Wata safiya ta tarar da namiji ɗaya ya mutu a bakin kwami, cikinsa a cike. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, don ji ta yi kamar mijinta ne take sake binnewa.

Na farko da ya zo shi ne Malam Dogara, tsohon malamin gona da ya ajiye aiki. Ya shiga ɗakin aladun, ya shafa bayansu, ya damƙi dusar ya duba. Ya ce, "Mama, yunwa ce ke kashe su." Ta ce, "Haba Malam, yunwa da wannan cikin?" Sai ya bayyana mata cewa jikin alade mai tasowa yana gina tsoka ne da sinadarai iri-iri, kuma idan guda ya yi ƙaranci aikin duka sai ya tsaya, kamar magini da ya tara bulo amma siminti ya yanke masa. Akwai wanda ake kira laisin, masara da dusarta ba su da shi sosai, rogo kuwa kada ma a yi maganarsa. Ya tambaye ta ko marigayi yana ƙara wani abu a abincin. A nan ta tuna: duk ranar kasuwa Iliya yakan daɗe a rumfar masu busasshen kifi, ya dawo da ƙunshin ɓurɓushi. Ita a zatonta hira ce ke kai shi, har faɗa ta sha yi masa a kai. Malam Dogara ya ce waken soya zai maye gurbin kifin, ya nuna mata yadda za a haɗa shi da dusa da ɗan gishiri da garin ƙashi. Amma shi ilimi kawai gare shi, ko ƙwayar wake ɗaya ba shi da ita.

Ta biyu ita ce Rifkatu, ƙanwar marigayi. Lokacin bazara ne, rumbuna sun yi ƙasa, waken soya ya yi wuya a garin. Abin da ke hannunta shi ne irin da ta ɓoye don shuka, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mijinta ya yi ta mita, ya ce wace irin mace ce za ta zuba gonarta a bakin alade. Ta bar shi yana magana, ta ɗora buhun a ka, ta dire shi a tsakar gidan Mama Briskila. Ta ce, "Matarmu, ga shi. Gona tana nan baɗi, aladun yayana kuwa in sun tafi sun tafi." A damanar nan ciyawa ce ta ci gonar wakenta, kuma ban taɓa jin ta ambaci haka ga kowa ba.

To, ga sani ga wake, amma da sauran aiki. Malam Dogara ya riga ya yi gargaɗi: ɗanyen waken soya yana lalata cikin ƙaramin alade, ƙonanne kuma wuta ta cinye amfaninsa. Sai an soya shi daidai, shi kuwa ya ce hannunsa bai san wuta ba. Mama Briskila ta gwada, amma da yake ganinta ya yi rauni, rabin kasko ya yi baƙi. Sai ga ta uku, Saraya, maƙwabciyarta mai ƙuli-ƙuli, ƙaurin ne ya jawo ta. Ta ce, "Mama, tashi daga gaban murhun nan kafin ki ƙarasa shi." Kullum da safe sai ta bar nata kaskon, ta zo ta soya waken da yashi, tana ɗanɗanawa har gafin ya fita, ta daka, ta haɗa. Ba ta zuba musu da yawa a tashi ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ta riƙa ƙarawa don cikinsu ya saba. Ita ce kuma ta lura manyan suna ture ƙaramar macen daga kwami, sai ta ware ta tana ba ta nata daban. Hayaƙi ya sa idonta ya yi ja, masu sayen ƙuli-ƙulinta da dama suka koma wani gida.

Kafin kaka, jama'a, sai ka rantse an canja aladun. Gashi ya kwanta, baya ya faɗaɗa, suka miƙe dogaye sak irin na Iliya. Ranar bikin godiya a coci Mama Briskila ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi, ta kira sunayen mutanen nan uku a gaban kowa tana hawaye.

Daga nan ta yanke shawara. Ta ga yadda irin mijinta ya kusa ƙarewa don yana ɗaki ɗaya, sai ta ce za ta riƙe mace guda, ɗayar kuma ta ba wanda ya fi cancanta. Mazan ba a maganarsu, a al'adar garin ba a godiya da namiji, mai haihuwa ake bayarwa. Malam Dogara ya ce a ba Rifkatu, shi baki kawai ya motsa. Rifkatu ta ce a ba Saraya, ita buhu kawai ta ɗauka. Saraya ta ce in ba don Malam ba, da har yau dusa ake ƙarawa. Tsohuwa ta tsaya a tsakar gida da igiya a hannu, 'yar alade tana ja, ta rasa ƙofar da za ta nufa.

To, ku da kuka ji komai, ga igiyar na miƙa muku. Mai sani, mai bayarwa, ko mai wahala: gidan wa za ku kai ta?