Abin da ya raba Tabawa da dangi

Dalilin da ya sa amiba, 'yar halittar nan da malaminku ya nuna muku a madubin likita cikin ɗigon ruwan kududdufi, take yawo ita kaɗai, labari ne mai ɗaci, kuma ni har gobe ban ga laifinta ba.

A can da, babu jiki a duniya, ba na mutum ba, ba na akuya ba. Ƙwayoyin halitta ne zube a ruwa, kowace ita ke nema wa kanta abinci, ita ke gudun ceton ranta. Cikinsu akwai Tabawa, mai zafin nama, wadda ba ta taɓa cin abu sai ƙanwarta Lantana ta ƙoshi.

Da wahala ta ishe su, babbansu Jatau ya kira gayya.

"Mu manne da juna mu zama jiki guda," in ji shi. "Wasu su gani, wasu su narka abinci, wasu su ɗauki kaya. Kowa aiki ɗaya, ya huta da sauran."

To, kun san gayya ba ta yiwuwa da yunwa. Aka nemi mai samo wa ma'aikata abinci, kowa ya noƙe, sai Tabawa ta miƙe.

"Lantana, ki kama min wuri kusa da ke."

"To, Yaya."

Ta tafi har ƙarshen tafki. Da yake ba ta da ƙwarya, ta naɗe abincin da jikinta, ta jawo shi da ƙyar. Ko da ta iso, an gama rabo. Masu surutu sun zama harshe, 'yan gaban goshin Jatau sun shige zuciya, Lantana kuwa an ɗora ta a ido. Suka karɓe abincin suka cinye tas, ko sannu babu.

"Baba Jatau, ni ina nawa wurin?"

"Af, Tabawa, kin makara. Saura diddige."

"Me ake yi a diddige?"

"A taka ki, ki bushe ki zama kaushi, a kankare ki da dutse, wata ta maye gurbinki. Jiki ai sai da haka."

Tabawa ta ɗaga murya. "Lantana, ina wurin da na ce ki kama min?"

Lantana ta kawar da kai, ta kalli wani gefe. Aikinta na farko ke nan da ta zama ido.

Wannan ya fi maganar diddigen yi wa Tabawa ciwo. Ta ce su riƙe jikinsu. Jiki ya miƙe ya fice daga ruwa, ba wanda ya waiwayo.

Abinci bai gagare ta ba, kaɗaici ne ya nemi kashe ta, don ba ta saba ci ba tare da ta ciyar da wani ba. Sai ta ce za ta yi wa kanta ƙanwa. Ta ja jikinta, ta ja, har ta tsinke biyu. Cikin murna ta miƙa wa sabuwar abinci.

Amma sabuwar daga jikinta ta fito, da rabin baƙin cikinta a ciki. Ta dubi abincin, ta ja da baya.

"Me kike nema a wurina?"

"Ba komai, ƙanwata. Ci."

"Haka ake cewa," in ji ta, ta yi gaba abinta.

Shi ya sa har wa yau, in kuka zuba wa amiba ido a madubin nan, za ku ga ta rabe biyu, kowane rabi ya kama gabansa. Tana ta haifar 'yan'uwa, ba wadda ta yarda ta zauna da ita.