Yadda Mazaɓar Bakin Ruwa Ta Ɓace

Ya 'yan uwa, a birnin nan namu na Port of Spain an yi wani mutum da ya wakilci wata mazaɓa a majalisa har sau huɗu. Sunansa ba zan faɗa ba, don jikokinsa suna nan da rai, wataƙila ma wani yana zaune a sahun nan. Ita ma mazaɓar ba zan kira ta da sunanta na takarda ba. Mu da muka tashi a cikinta Bakin Ruwa muke ce mata. Yau idan ka buɗe taswirar zaɓe, ko tabarau biyu ka sa ba za ka gan ta ba.

Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum yakan mutu, mun sani. To mazaɓa fa, yaya ake yi ta mutu? Ba a yi girgizar ƙasa ba, teku bai cinye ta ba. Tsufa ya zo mini da bin diddigi, har iyalina tana yi mini tsiya wai na zama ɗan sandan ciki. Rannan na ɗauki lemata na tafi ɗakin karatu, na ce a fito mini da jaridun ranakun zaɓe na wancan zamani. Kwana uku na yi ina atishawa a kansu.

Ga abin da na gani. A zaɓen farko masu rajista dubu goma sha huɗu ne, mutumin ya sha da ƙyar, da ratar ƙuri'a ɗari biyu da sha biyu. A na biyu sun koma dubu goma sha ɗaya, ya ci da rata mai kauri. A na uku dubu bakwai. A na huɗu ba su kai dubu huɗu ba, kuma cikin kowane mutum goma, tara shi suka zaɓa. Jaridu suka yi ta yi masa kirari, wai ba a taɓa ganin ɗan majalisar da jama'arsa ke so haka ba. Ko mutum ɗaya bai tsaya ya tambaya ba: ina sauran dubu goman suka shiga?

Ni na san inda suka shiga, don iyayena suna cikinsu. Abin da ban gane ba sai da na jera alƙaluman shi ne cewa da tsari aka yi abin.

Bakin Ruwa unguwar 'yan dako ce da masu wanki da kafintoci. Gidajen haya ne na katako, iyali goma sha biyu a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi ɗaya. Da safe ana faɗa a bakin famfo, da yamma wadda kika zaga ita ce za ta miƙo miki roti, gurasar nan tamu ta fulawa, ta kan katanga. Samari suna buga gangar durom har kanka ya yi ciwo. A irin wannan gida aka haifi mutumin nan, ya yi karatu, ya zama lauya, yana sallah a sahun gaba.

Kun san a nan akwati akwati ake faɗin sakamako. Bayan zaɓen farko, maimakon ya yi godiya ga Allah, sai ya zauna da takardar yana bi da yatsa. Ya ga akwatin Layin Kafintoci ya ba shi talatin da ɗaya cikin ɗari huɗu. Ba a san wanda ya zaɓi wa ba, amma an san layin. Abin ya tsaya masa a rai. Kujerar nan tsoron rasa ta ya hana shi sakat, ga shi kuma an ba shi shugabancin kwamitin gidaje.

Sai duba-gari suka sauka a Layin Kafintoci. Suka leƙa bayi, suka taka katako ya burma, suka rubuta cewa gidajen ba su dace da zaman ɗan adam ba. Kuma wallahi ba ƙarya suka rubuta ba, ni a ciki na kwana, na san ɓerayen. Amma layin da ke bayansa, wanda ya ba shi ƙuri'a, ruɓewarsa ta fi tamu. Can da suka je, duk mura ta toshe musu hanci.

Akwai wata tsohuwa a layinmu, Tanti Eulalie, ungozoma ce, tana kuma sayar da gurasa da kifin gishiri a ƙofar tashar jiragen ruwa. Ita ta karɓi haihuwar mutumin nan. Ta tare motarsa a tsakiyar titi da tirenta a ka.

Ta ce, "Kai ɗan Haniffa, sauke gilashin nan in ga idonka. Ni na yanke maka cibi, yau ɗakina za ka rushe?"

Ya ce, "Haba Tanti, ai gata zan yi miki. Gidan siminti a kan tudu, da bayinki a ciki."

Ta ce, "Bayin ne zai sayi gurasata? Mil goma sha biyu daga tasha! Faɗi gaskiya, yaro, ƙuri'ata ce ta yi maka zafi."

Ya yi dariya ya ɗaga gilashi. Bayan wata biyu manyan motoci suka kwashe mu.

A filin aka yi rumbunan ajiye kaya da wurin ajiye motoci. Zaɓe na biyu ya zo, ya sake zama da takarda, ya sake bi da yatsa, duba-gari suka sake sauka a wani layin. Haka na uku. Na ɗora sunayen layukan da aka rushe a kan sakamakon akwatuna, ya 'yan uwa, ko ɗaya bai kuskure ba.

Yana da wani wakili mai kula masa da harkar zaɓe, Cuthbert. Shi da bakinsa ya ba ni wannan bayan shekaru. Ya ce ranar zaɓe na huɗu ya ce masa, "Shugaba, ci dai muna ci, amma layin masu jefa ƙuri'ar nan kullum gajarta yake yi." Mutumin ya buga kafaɗarsa ya ce, "Gajeren layi ai ya fi saurin ƙirga, Cuthbert. Mu ci abinci da wuri."

To akwai abin da lauya bai kamata ya manta ba, amma ya manta. Duk bayan wasu shekaru hukumar shata iyaka takan ƙirga masu rajista, don kada wata mazaɓa ta kumbura wata ta rame. Suka ƙirga. Maƙwabta kowace tana da kusan dubu ashirin, Bakin Ruwa ba ta kai huɗu ba. Rumbu ba ya yin rajista. Suka ba da shawarar a soke ta, a raba ragowar tsakanin maƙwabta biyu, kuma kowace tana da nata ɗan majalisar da ya kafu. Jam'iyyarsa ta ce masa a yi haƙuri, babu gurbi.

Hankalinsa ya tashi. Ya kama babban ɗakin taro mai kujera ɗari biyar don jama'a su fito su nuna ba su yarda ba. Mutum goma sha tara suka zo. Ya juya ya ce, "Cuthbert, ina mutane?" Cuthbert ya ce, "Shugaba, ai kai za a tambaya."

Me kuke zato ya yi? Mota ya shiga ya hau tudu. Ya je yana roƙon waɗanda ya kora su mayar da rajistarsu Bakin Ruwa, ko lissafi ya cika. Ya sami Tanti Eulalie a bakin ƙofa, ƙafafu sun kumbura, ta daɗe da daina sana'a. Ta ba shi kujera, ta sa aka kawo masa ruwa. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "To na ji, ɗan Haniffa, kawo takardar. Wane gida zan rubuta? Tsohon gidanmu mai lamba tara? An ce mini yanzu motoci ke kwana a wurin. Ko in rubuta ina zaune a ƙarƙashin wata motar?"

Ya sauko ba tare da sa hannu ko ɗaya ba. Aka soke mazaɓar.

Ya ci gaba da zama a babban gidansa na Bakin Ruwa, rumbu a dama, rumbu a hagu. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka tafi Kanada. Wata Lahadi da tsakar rana ya yanke jiki ya faɗi a barandarsa, rabin jiki ya mutu, amma bakinsa yana iya kira. Ya yi ta kira. A da, a wannan layi, ko tari ka yi mai ƙarfi sai mata uku sun leƙo. Ranar Lahadi rumbuna a rufe suke. Sai Litinin da safe wani direba ya hango shi. Na je gaishe shi a asibiti, muryarsa ta dushe ƙwarai, likita ya ce ihu ne ya kashe ta. Na tausaya masa, wallahi, duk da abin da ya yi wa iyayena. Bai kai Juma'a ba.

Ya 'yan uwa, wa ya kayar da mutumin nan? Babu abokin takarar da ya taɓa kayar da shi. Bai saci akwati ba, bai sa matattu sun yi zaɓe ba, duk abin da ya yi da takarda da hatimi ya yi. Amma amana aka ba shi ta mutum dubu goma sha huɗu, da wanda ya so shi da wanda ya ƙi shi, shi kuwa ya mayar da ita sandar ramuwa. Ya yi ta rage mutane don kujera ta tsaya, bai lura da cewa a kan mutanen take tsaye ba.

Kada wani ya ce ni ba ɗan majalisa ba ne. Kai shugaban kwamitin masallaci, ina wanda ya yi maka gardama bara, me ya sa ba ma ganinsa? Kai mai gida, ɗan nan da yake faɗa maka gaskiya, yaushe rabon da ka kira shi? Idan ka duba ka ga duk wanda ya rage a gefenka "haka ne" yake ce maka, kada ka yi murna. Tsaya ka ƙirga su tukuna.

Ya Allah kada ka ba mu iko a kan mutum alhali muna riƙe da shi a zuci. Ka jiƙan wanda ya tafi, ka saka wa waɗanda aka zalunta. Ka bar mana maƙwabcin da zai ji kiranmu ranar da muka faɗi. Allah ya kiyaye mu, amin.