Dabinon Maigida Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Kurege ne dai yake aikin ɓarar gyaɗa a gidan matsar mai na Ɓauna. Shi Ɓauna ba ya faɗa da baki. In ma'aikaci ya yi laifi, ƙaho ɗaya yake sa masa, sai a je bayan katanga a ɗauko shi, aiki kuma ya ƙare.

Da ƙaramar salla ta matso, Bushiya, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta tara ma'aikata. Ta ce kyautar maigida a haɗe ake yin ta, kada wani ya zagaya shi kaɗai neman fada. Kowa ya kawo abin da ya samu, aka sayi dabino ƙwarya guda, aka rufe da faifai. Kurege ya ce shi zai kai, tun da ya fi su iya gaisuwa. Aka duba, gaskiya ne, aka ɗora masa.

Yana tafe, yana tafe, sai ya tuna rashin ladabi ne a kai wa babba abin da ba a ɗanɗana ba. Ya ci ɗaya, lafiya lau. To amma na sama ne, wa ya san na ƙasa? Ya tona ya ci na ƙasa. Sai ya tuna na tsakiya. Kafin ya kai ƙofar gida, dabino ɗaya ne ke gungurawa cikin ƙwarya.

Ya so ya juya, sai Ɓauna ya hango shi daga zaure, yana zaune da baƙinsa Giwa da Raƙumi. Kurege ya shiga ya durƙusa, ya yi barka da salla, ya gaida iyali ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a haifa ba. Gaisuwa dai ta ƙare. Ɓauna ya ɗaga faifai, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya soma goga ƙahonsa a jikin ginshiƙi.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, sai da muka yi shawara. Muka ce in mun cika ƙwarya, baƙi za su ce a gidan nan yara ke ciyar da maigida. Mu kuwa mun san daga sama alheri ke gangarowa. Wannan na gaisuwa ne kawai."

Giwa ta kaɗa kunne, ta ce ita nata ma'aikatan ba su da wannan hankali. Raƙumi ma ya ce haka. Ɓauna ya daina goga ƙaho. Tun da a gaban baƙi ne, ya sa aka fito da buhun ƙuliƙuli, goron sallar ma'aikata. Kurege ya miƙe zai ja buhu, yana tunanin inuwar da zai tsaya a hanya.

Ɓauna ya ce a'a, ya fi ƙarfinsa, Raƙumi zai sauke musu. Ya zaro ƙuli ɗaya ya miƙa masa. "Kai da ka san darajar kaɗan, ga naka."

Kurege ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

Raƙumi ya sauke buhu, ya ba ma'aikata labari duka, yana yaba hankalinsu. Bushiya ta dubi buhu, ta dubi cikin Kurege da ya yi tulu. Aka raba ban da shi, domin maigida ya riga ya sallame shi.

Da shekara ta kewayo, Kunkuru aka ɗora wa ƙwarya. Ya tashi ranar ƙaramar salla, ya isa ana yanka ragon layya, dabino cif.

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. In an aike ku da kyautar maigida, ku ji tsoron Allah ku rage ko da ɗaya.