Kuɗin Fentin Gada

Shekara uku hakimin Rafin Kanya yana karɓar kuɗin gina gada, amma har yau sai mutane sun tattare tufafi suke ratsa ruwa. Da gunaguni ya yi yawa, ya kafa doka: an gama gada, duk wanda ya ce babu ita, bulala ashirin. Sannan ya aza harajin yi mata fenti.

Aka gurfanar da Tasalla mai daddawa, uwar marayu shida.

"Ke, ina kuɗin fenti?"

Tasalla ta tuna hatsin gidanta bai kai mudu ba. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ai na biya. Abincin yara na rage, na ƙulle kuɗin a tsumma, na ajiye a tsakiyar gada yadda masu fenti za su gani."

Hakimi ya daka tsawa. "Ƙarya kike! Wace ga..."

Sai ya ga jama'a sun yi tsit, dogarinsa kuma yana gyara riƙon bulala. Ya yi gyaran murya.

"Magatakarda, rubuta ta biya."

Daga bayan taro wani tsoho ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma nawa yana nan kusa da nata."